Ƙwarewar aiki da damawa da kowa: ina wurinsu a digirin kimiyya?

Wata malama da ke koyar da kemistiri ga 'yan aji ɗaya da aji biyu a jami'a ta rubuto cewa an umarci sashensu ya shigar da abubuwa biyu cikin manhajar digirin farko: ƙwarewar da ɗalibi zai buƙata a wurin aiki, da tsarin da zai sa a dama da kowane ɗalibi ba tare da an bar wani a baya ba. Ta ce manhajar ta riga ta cika maƙil, ajinta ya haura mutum ɗari uku. Wasu abokan aikinta sun kawo shawarar a buɗe kwas guda na musamman a zuba komai a ciki, wasu kuma na ganin duk wannan hanya ce ta rage wa karatu daraja. Tana son sanin abin da ya kamata su yi.

Malama, shawarata ita ce kada ku buɗe wancan kwas ɗin. Idan kuma an tilasta muku, to kada ku ɗauka ya sauke muku nauyi. Abubuwan nan da suka zo muku a takarda kamar aiki biyu, idan an shiga aji aiki ɗaya ne, kuma wurinsa yana cikin kemistirin da kike koyarwa yanzu.

Ki duba abin da masu ɗaukar aiki suke nufi idan suka ce yaro ya iya aiki. Ya iya rubuta abin da ya yi yadda wani zai ɗauka ya maimaita. Ya iya yi wa wanda ba fanninsa ba bayani har ya gane. Ya zauna lafiya da abokin aikin da ba shi ya zaɓa ba, ya kawo aiki ranar da ya ce zai kawo, ya buɗe baki ya ce "na yi kuskure a nan" tun kuskuren bai zama ɓarna ba. Jami'a ta daɗe tana sa ran ɗalibanta za su fita da waɗannan, amma ba kasafai take koyar da su ba. To su wa ke fita da su? Galibi waɗanda suka shigo da su daga gida. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifiyarsa tana haɗa rahoton ofis, wanda yayansa ya raɗa masa cewa ana iya ƙwanƙwasa ƙofar farfesa a roƙi gurbi a ɗakin bincikensa, ya shigo da rabin abin da ake nema. Wanda shi ne ya fara taka jami'a a zuri'arsu bai ma san ana ƙwanƙwasa ƙofar ba. Duk abin da muke buƙata daga ɗalibi amma muka bar shi a ɓoye, mun miƙa shi ga masu gata ne kawai. Ranar da kika fito da shi fili, kika koyar da shi, kika sa masa maki, kin yi wa mai neman aiki tanadi, kin kuma jawo wanda ke raɓe a gefe zuwa tsakiya.

Matsalar kwas na daban kuwa ita ce ɗalibai sun fi mu iya karanta inda maki yake. Idan aka ware awa biyu a mako ana yi musu lacca kan haɗin kai da iya magana, sannan duk sauran kwasa-kwasan suka ci gaba da ba da maki a kan hadda kaɗai, sun riga sun gane wanne ne karatun gaske. Za su haddace ma'anar haɗin kai su ci jarrabawa su manta. Kamar koyar da iyo ne a kan allo. Bayan haka, ƙwarewa ba ta cika bin mutum daga inda ya koye ta zuwa inda yake buƙatarta ba sai an yi ta a wurin. Wanda aka koya wa rubutun wasiƙa a wani aji, ba lallai ne ya iya rubuta rahoton gwaji ba.

Masu cewa wannan ba kimiyya ba ne, ki tuna musu da kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA, wanda ya salwanta a watan Satumba na 1999 daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Wani rukunin injiniyoyi yana fitar da alƙaluman ƙarfin tura kumbon da ma'aunin fam, ɗaya rukunin kuma yana karanta su a matsayin ma'aunin niyuton, bambancin da ya haura ninki huɗu. Kowane ɓangare ya iya lissafi sarai. Rahoton binciken da aka yi ya lissafa raunin sadarwa tsakanin rukunonin aikin cikin abubuwan da suka jawo asarar. Haka nan a 2016 wasu masu bincike a Ostareliya suka gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na maƙalolin da suka duba, waɗanda aka haɗa da jerin sunayen ƙwayoyin gado a manhajar kwamfuta ta Excel, suna ɗauke da kuskure, saboda manhajar tana mayar da suna irin SEPT2 ko MARCH1 ya koma kwanan wata ba tare da mai aikin ya lura ba. Abin ya kai har a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya wa wasu suna. Rubuta ma'auni kusa da lamba, da sake duba bayanai bayan an shigar da su, su ne ainihin aikin masanin kimiyya, kuma su ne kamfanin magani ko hukumar duba ingancin ruwa za su fara nema a wurin ɗalibinki.

Saboda haka ni a ganina wurin farawa shi ne littafin da ɗalibi ke rubutu a ɗakin gwaje-gwaje. A yawancin wurare abin da ake karɓa shi ne rahoto mai tsabta da aka kwafe da daddare, an goge duk inda aka yi tuntuɓe, an daidaita lambobi sun zo daidai da na littafin karatu. Wannan al'ada tana koya wa yaro ɓoye gaskiya. A ɗakin gwajin da ke bin ƙa'ida, abin da ake faɗi kullum shi ne: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Ana rubutu da biro, a daidai lokacin da ake aikin, da kwanan wata. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta gyaran a gefe, a sa hannu. Ba a yaga shafi. Ki gaya musu wannan a makon farko, sannan ki gwada wani abu a mako na uku ko na huɗu: bayan sun gama haɗa wani ruwan sinadari, ki karɓi littattafan ki rarraba su, kowane rukuni ya sake haɗa ruwan da littafin wani rukunin kaɗai, ba tambaya, ba leƙe. Cikin minti goma za ki fara jin ƙorafi. "Sun rubuta 25, ashirin da biyar na me?" "Sun ce sun ƙara ruwa, har zuwa ina?" "Wane asid ɗin suka ɗauka, mai ƙarfin ko wanda aka tsarma?" Ki bar su su rubuta wa masu littafin abin da ya ɓace. Darasin da yaro ya ɗauka ranar da wani ya kasa bin rubutunsa ya fi laccar awa uku shiga jiki, kuma ba ki rasa ko minti ɗaya na kemistiri ba, domin sun haɗa ruwan sau biyu.

Game da makin wannan aiki, ki raba shi yadda wanda sakamakonsa ya kauce amma ya rubuta gaskiya ya kuma bi sawun dalilin kaucewar zai fi wanda ya kawo lamba mai kyau da ba a san daga ina ta fito ba. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi nazarin rukunonin ma'aikatan jinya a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar rukunonin da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi kai rahoton kuskure. Da ta bi diddigi sai ta ga a can ne mutum ba ya tsoron faɗa. Ɗalibin da ya saba tun aji ɗaya cewa faɗin kuskure ba ya jawo wulaƙanci, shi ne gobe zai tsayar da rukunin magani da ya gurɓace kafin ya fita kasuwa.

Sai aikin rukuni, kuma a nan nake son in daɗe, domin nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Cewa "ku rabu huɗu-huɗu" ba koyar da haɗin kai ba ne. Ki tsaya a bayan teburi ɗaya ki zuba ido. Kafin ki ƙirga goma, wani mai baki ya riga ya ɗauki bututun awo ya tsaya gaban na'ura. Na biyu yana miƙa masa kaya. Yarinyar da ke rukunin an tura mata littafi, "ke da rubutunki ya fi kyau". Na huɗun, wanda harshen koyarwa bai zauna masa a baki ba, ya ja baya yana kallo, hannu a aljihu. Haka za a yi mako goma sha biyu. A ƙarshe duka huɗun su sami maki ɗaya, amma mutum ɗaya ne ya taɓa na'urar. Babu wanda ya yi nufin mugunta a cikinsu, tsarin ne ya bar abin ya bi inda ya saba bi.

Gyaran ba shi da tsada. Ke za ki haɗa rukunonin, kada ki bar musu, domin idan suka zaɓa da kansu abokai za su haɗe, a bar bare da mai jin kunya su tattaru a kusurwa. Idan kina haɗawa, ki guji jefa mace ɗaya tilo cikin maza uku, ko ɗan wata ƙabila shi kaɗai, muddin akwai yadda za a yi su zama biyu. Ki ba kowa muƙami mai suna: mai riƙe kayan aiki, mai rubutu, mai duba lissafi da ma'auni, mai magana da bakin rukuni. Kowane mako a juya, a rubuta wanda ya riƙe me a saman shafi. Idan kika zo teburin da tambaya, mai magana na wannan makon ne zai amsa, ko da shi ne mafi shiru, wanda hakan ke tilasta wa sauran su tabbatar ya fahimta kafin ki iso. Makin kuma ya kasu: wani kaso na aikin rukuni, kaso mafi girma na abin da kowa zai iya shi kaɗai, da ɗan ƙaramin kaso daga abin da 'yan rukuni suka rubuta a asirce game da gudummawar juna, sau biyu a zango, na farkon tun da wuri don mai laɓewa ya sami damar gyarawa. Binciken da Anita Woolley da abokan aikinta suka wallafa a 2010 ya nuna cewa rukunonin da mutum ɗaya ko biyu suka mamaye magana sun fi rauni wajen warware matsaloli iri-iri, idan aka kwatanta da waɗanda magana ke zagayawa a cikinsu. Wato raba dama tsakanin 'yan rukuni har ingancin aikin yake ɗagawa.

Na san za ki ce duk wannan a ɗakin gwaji ne, ina batun mutum ɗari uku a ɗakin lacca? A nan hujja ta yi yawa har ta ishe mu. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara nazari 225 da aka yi kan azuzuwan kimiyya, injiniyanci da lissafi. Inda malami ke magana shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ne ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki da tunani a cikin ajin, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 22. A 2020 wani nazarin da Elli Theobald ta jagoranta ya duba su wa suka fi amfana, ya tarar giɓin da ke tsakanin ɗalibai marasa galihu da sauran ya ragu da kashi 33 a makin jarrabawa, da kashi 45 a yawan masu cin kwas. Amma akwai sharaɗi da ake yawan mantawa: raguwar ta bayyana ne a azuzuwan da aka ba wannan salo kaso mai tsoka na lokaci. Tambaya ɗaya a ƙarshen lacca ba ta kawo komai.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Eric Mazur ya fara a ajinsa na fiziks a Harvard a farkon shekarun 1990. Ki yi bayani na minti goma ko sha biyar, ki jefa tambaya mai zaɓi huɗu wadda ke gwada fahimta, irin wadda aka san ɗalibai na ruɗewa a kanta. Kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya nuna zaɓinsa. Ba a buƙatar na'ura, yatsu a kan ƙirji sun isa, don na kusa kada ya kwaikwaya. Idan kika ga aji ya rabu, ki ce kowa ya nemi wanda amsarsa ta saɓa da tasa ya shawo kansa cikin minti biyu. Ɗakin zai kaure da hayaniya, ki bar shi. Sannan a sake zaɓe. A cikin waɗannan minti biyu kowane ɗalibi ya kare ra'ayinsa da hujja, ya saurari wani, wataƙila ya sauya matsayi a gaban mutum. Wannan ita ce ƙwarewar sadarwar da aka ce ku koyar, kuma mutum ɗari uku sun yi ta a lokaci guda.

Abu biyu zan ƙara a kan lacca. Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970 cewa malami yakan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne bayan ya yi tambaya kafin ya kira wani ko ya amsa da kansa, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku zuwa sama, amsoshi kan yi tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. Daƙiƙa ɗaya ta mai saurin baki ce. Wanda ke juya tambayar zuwa harshensa a zuci kafin ya juyo da amsa yana buƙatar fiye da haka. Na biyu, ki shirya wa ƙorafi. Wani gwaji da aka yi a Harvard aka wallafa a 2019 ya nuna ɗaliban da aka sa aiki a aji sun ji a ransu kamar ba su koyi abu sosai ba, alhali a jarrabawa sun fi waɗanda suka saurari lacca mai daɗi. Wahalar tunani tana kama da rashin ganewa. Ki faɗa musu haka tun ranar farko, ki kuma sanar da shugaban sashe, don kada koken makonnin farko ya sa a ce ki koma gidan jiya.

Yanzu ga abokan aikinki masu tsoron za a rage daraja. Tsoronsu ba na banza ba ne, domin akwai wuraren da aka fassara tausayi da sauƙaƙa jarrabawa, kuma wannan cin amanar ɗalibi ne. Amma aikin da ya fi tasiri a wannan fage ya bi akasin haka. A tsakiyar shekarun 1970, Uri Treisman na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya so ya gane dalilin da ya sa ɗalibai baƙar fata, waɗanda suka shigo da sakamako mai kyau, suke faɗuwa a lissafin kalkulas, alhali 'yan asalin Sin suna wucewa. Malamai sun yi ta hasashe: talauci, raunin makarantun baya, rashin himma. Shi sai ya bi ɗaliban ya ga yadda suke karatu. Ya tarar baƙar fatar suna ba da lokaci sosai, amma kowa shi kaɗai a ɗaki, ba mai ganin kuskurensa. 'Yan Sin ɗin kuwa bayan karatun kaɗaici sukan haɗu, su gwada amsoshi, su yi gardama, su san inda kowa ya tsaya. Abin da Treisman ya kafa a ƙarshen shekarun 1970 zama ne na rukuni inda ake ba da tambayoyi da suka fi na aji wuya, aka kuma gabatar da shi a matsayin shiri na zaƙaƙurai. Sakamakon ɗaliban ya tashi ƙwarai, jami'o'i da dama suka kwaikwaya. Da ya buɗe musu ajin 'yan baya, da ya tabbatar musu da abin da suke tsoro game da kansu.

Elaine Seymour da Nancy Hewitt sun tattauna da ɗaruruwan ɗalibai a jami'o'i bakwai na Amurka, suka wallafa a 1997 cewa waɗanda suka bar kimiyya ba su gaza waɗanda suka zauna a basira ba, kuma koken da ya fi yawa a bakinsu shi ne yadda ake koyarwa. Mu kan ce kwas ɗin aji ɗaya yana tace ɗalibai. Yana tacewa, amma sau da yawa abin da yake aunawa shi ne wa zai iya jure kaɗaici da rashin kulawa. Akwai kuma wani bincike na 2019 da Elizabeth Canning ta jagoranta, wanda ya haɗa malaman kimiyya 150 da ɗalibai sama da 15,000: a azuzuwan malaman da suka yi imani cewa basira abu ne da ba ya ƙaruwa, giɓin maki tsakanin ɗalibai masu launin fata daban-daban ya ninka na azuzuwan waɗanda suka yi imani tana ƙaruwa. Malamin da ke buɗe zango da cewa "rabinku ba za su kai baɗi ba" yana jin yana zaburarwa ne. Wanda ya riga ya shigo yana shakkar ko nan wurinsa ne, ya ji an ambaci sunansa. Abin da ya kamata a ce shi ne: kwas ɗin nan yana da wuya, ba zan sassauta ba, ga kuma yadda ake cinsa, mataki-mataki. Shirin Meyerhoff na jami'ar Maryland da ke gundumar Baltimore, wanda aka fara a 1988 da jagorancin Freeman Hrabowski, a kan wannan aka gina shi: buri mai tsawo, karatu a rukuni, da malamai masu bibiya. Daga cikinsa Kizzmekia Corbett ta fito, wadda ta kasance cikin jagororin aikin rigakafin korona a cibiyar binciken lafiya ta Amurka.

Wani wurin da gata ke aiki a ɓoye shi ne samun shiga bincike na gaske. A tsarin da aka saba, malami yana zaɓar mutum biyu ko uku da suka burge shi. Zaɓin nan ba ya rasa son rai, ko da mai yinsa bai sani ba. A 2012 masu bincike a jami'ar Yale suka aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aikin kula da ɗakin gwaji, iri ɗaya sak, sai dai rabi an sa sunan namiji, rabi na mace. An fi ganin cancantar mai sunan namiji, aka yi masa tayin albashin kusan dala 30,000 a shekara, ita kuma kusan 26,500, kuma malamai mata sun yi hakan kamar yadda maza suka yi. Maganin da ya fi aiki shi ne a mayar da binciken cikin kwas ɗin da kowa ke ɗauka. A shirin SEA-PHAGES, wanda cibiyar Howard Hughes ta fara a 2008 tare da Graham Hatfull na jami'ar Pittsburgh, 'yan aji ɗaya ne ke ɗebo ƙasa, su ware bairos masu cin bakteriya, su raɗa musu suna, su yi nazarin ƙwayoyin gadonsu. Malamin kansa bai san abin da za a samu ba. Daga tarin da ɗalibai suka taimaka aka haɗa ne aka zaɓo bairos ɗin da aka yi wa wata yarinya magani da su a Landan, bayan magungunan kashe bakteriya sun gaza, aka wallafa labarin a 2019. A jami'ar Texas da ke Austin, nazarin da aka yi kan irin wannan shiri ya nuna yiwuwar kammala digirin kimiyya ta tashi daga kashi 71 zuwa 94 ga waɗanda suka bi shi har ƙarshe. Ba sai kuna da kayan tantance ƙwayoyin gado ba. Ki ɗauki gwaje-gwaje huɗu cikin goma sha biyun da kuke yi, ki haɗe su su zama tambaya ɗaya da ba a san amsarta ba, misali yadda wani sinadari ke sauyawa a samfuran ruwa daga wurare daban-daban a tsawon wata guda. Su tsara, su auna, su yi rigima da bayanan da suka ƙi daidaita, sannan kowane rukuni ya rubuta shafi ɗaya tak ga wani manaja da bai karanta kemistiri ba: me muka samu, yaya ƙarfin tabbacinmu, me ya kamata a yi.

Masu buƙata ta musamman su ne aka fi mantawa idan ana wannan zance a sashen kimiyya, saboda an ɗauka ɗakin gwaji ba wurinsu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3, kusan ɗaya cikin shida, suna rayuwa da naƙasa mai tasiri. A ajin mutum ɗari uku suna nan, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Geerat Vermeij, wanda ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya zama babban masanin tarihin halittun ruwa masu ƙwanso ta hanyar shafa su da yatsu. Wanda Díaz-Merced, 'yar Puerto Rico, ta rasa ganinta tana ɗaliba, ta koma mayar da bayanan taurari zuwa sauti tana nazarinsu da kunne. Mafi yawan abin da ake buƙata ƙanana ne, kuma kowa na amfana: a ba da takardun lacca kafin lacca, malami ya faɗi abin da ke kan allo da baki maimakon "wannan da wancan", ya fuskanci aji idan yana magana saboda mai karanta leɓe, a bar teburi ɗaya mai gajarta da fili ga mai keken guragu. A kemistiri musamman, ki tuna da waɗanda ba sa bambance ja da kore, waɗanda yawancinsu maza ne. Idan gwaji ya dogara da sauyin launi, a haɗa da na'urar auna asid, a jadawali kuma a bambanta layuka da siffa bayan launi. Kuma a tambayi mai abin, shi ya fi kowa sanin abin da ke tare masa hanya.

Tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu abu ne mai kyau, tsoho ne kuma, tun 1906 Herman Schneider ya fara shi a jami'ar Cincinnati. Sai dai idan ba a biya, kuma ɗalibi ne zai nemo wa kansa gurbi, to mai hanya da mai abin hannu ne za su samu. Sashe ya ɗauki nauyin nemo guraben ya raba su a fili.

Saura batun cikar manhaja, kuma ba zan ɓoye miki ba, sai an zubar da wani abu. Masana ilimin halittu a Amurka sun fuskanci wannan a rahoton da suka fitar a 2011, inda suka taƙaita digirin gaba ɗaya a kan manyan ginshiƙai biyar da ƙwarewa shida, suka yarda cewa ba za a iya faɗin komai a aji ba. Ku zauna a sashe ku ɗauki kowane babi ku tambaya: wane kwas na gaba ne ya dogara da wannan? Za ku tarar akwai abin da ake koyarwa sau uku, akwai wanda ba mai buƙatarsa sai don an gada. A wannan zaman kuma ku raba ƙwarewar a tsawon shekarun: littafin gwaji da aikin rukuni a aji ɗaya, sarrafa bayanai da rubutu ga wanda ba masani ba a aji biyu, gabatarwa a gaban jama'a da tsara ƙaramin aiki a aji uku, kowace da sunan kwas ɗin da zai ɗauke ta da makin da aka ware mata. Kowane aikin da za ki bayar, ki rubuta abu uku a samansa: dalilin yinsa, abin da za a yi, da yadda za a auna shi, haɗe da misalin aikin da ya yi kyau.

Ke kuma a zangon da ke tafe kada ki ɗauki duka. Ki fara da musayar littattafan gwaji, da juya muƙamai a rukuni, da tambayoyi biyu ko uku na tattaunawa a kowace lacca. Kafin ki fara, ki nemo sakamakon kwas ɗin na shekaru uku da suka wuce, ki rarraba shi: maza da mata, waɗanda suka shigo da maki mai yawa da masu kaɗan, da duk wani rabo da bayananku suka ba da dama ba tare da an fallasa kowa ba. Ki bar jarrabawar ƙarshe da wuyarta yadda take, don kada a ce sauƙaƙawa kika yi. Idan zango ya ƙare ki sake rarrabawa, ki kai takardun biyu taron sashe.